Safiyar da Ban Hau Dutse Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa har yau bakina bai iya kiran sunanki kai tsaye ba. Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya. Ya tsare ki, ya tsare direba da duk wanda ke cikin motar, ya rufe idon mugu daga kanku tun daga tashar Birnin Gwari har ki sauka Zariya. Amin.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika fito daga cikinsa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni yau na fafe, domin abin da zan faɗa ya fi ƙarfin in dube ki ido da ido. Na ce wa innarki ta miƙa miki wannan a bakin ƙofa, ta ce ki karanta a tasha kafin mota ta cika. Kin san motarmu, sai ta shanya mutum har rana ta take. Kina da lokaci, ki karanta a tsanake.

Shekaranjiya da la'asar na shigo ɗaukar buta, na tarar da takardunki a baje kan tabarma, kin fita karɓo wayarki wurin caji. Ban yi niyyar dubawa ba, amma wanda ya yi shekara talatin yana duba littattafan 'yan firamare, idonsa ba ya neman izini. Fom ashirin ne, waɗanda malaminku ya ce kowa ya cike daga bakin manoman garinsu a wannan hutu, a tambaye su yadda suke ajiye masara da yadda ƙwari ke cin ta. Ku biyar ne a aikin, ke kika gaya mini: ke a nan, ɗaya a Kafanchan, ɗaya a Funtuwa, ɗaya a Kontagora, sai shugabarku Rahila a Kaduna. Tun da aka yi hutu ba ku ga juna ba, waya ce ta haɗa ku. Ran Litinin za ku haɗa naku wuri ɗaya ku miƙa rahoto guda mai ɗauke da sunayenku. Maki ɗaya za a ba ku duka, in kuma an kama ƙarya a ciki, ku biyar za a kayar a shekararku ta ƙarshe.

Shida na farko na gaskiya ne, na gane su. Akwai dattin yatsa, akwai inda aka soke aka gyara, akwai wanda ya ɗiga miki jan goro a gefe. Sauran goma sha huɗun kuwa tsaf suke. Biro ɗaya, zama ɗaya, amsoshi sai ka ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A na goma sha ɗaya na ga sunan Ɗanladi na Gayam. Uwata, bara war haka muka yi wa Ɗanladi salla. Kin kuma ba shi rumbu biyu, abin da bai taɓa mallaka ba da ransa. Kafin magariba sai na ji ki a bayan ɗaki kina aika wa abokan aikinki saƙon murya, muryarki wasai: "Ni kam na gama nawa, ashirin cif."

Ban yi fushi ba, da fushi ne ma da ya fi mini sauƙi. Tsoro na ji, domin muryata na ji a bakinki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuwa na san irin gudun da na yi.

Na san dalilinki. Na sha jin su a waya suna tsokanarki, "'Yar daji, yau kuma sabis ne ko 'yan bindiga?" Ki yi dariya, in kin kashe wayar ki ja tsaki. Kin ƙudura a ranki ba za a ce Birnin Gwari ce ta ja aikin baya ba. Hanyar ƙauyuka ta ƙi, ni da kaina na hana ki nufar wajen Gwaska, manoman da kika tare a kasuwa kuma shida ne kaɗai suka yarda suka tsaya. Sai kika ga gara ki cike da kanki da ki buɗe baki ki ce kin kasa. Wannan zuciyar tawa ce, ban musa ba. Ni ma na tsani a dube mu da idon tausayi, a ce wayyo mutanen Birnin Gwari, kamar ba mu ne muke cika musu kasuwanni da masara ba. Amma gyara zama in gaya miki inda zuciyar nan ta kai ni.

Ina saurayi, lokacin da gayya take gayya, aka kira mu noman masara a gonar wani dattijo a Gayam. Mun kusa talatin, makaɗi a gaba, ƙoren kunu a jere a gindin ɗorawa. Kowa ya kama kunyarsa tun daga bakin gona, wanda ya riga fita ɗaya gefen shi za a yi wa kirari. Ni kuwa a lokacin ina son kirari fiye da tuwo. A farkon kunya, inda idon jama'a yake, na yi noma na gani na faɗa. Da muka nutsa can ƙurya, inda gonar ta gangara ba mai hangen wani, sai na daina sare ciyawa. In kwantar da ita da bayan fartanya, in watsa mata ƙasa, in wuce. Ni na riga kowa fita. Makaɗi ya wasa ni har kaina ya yi girma ya ƙi hula.

Bayan kwana goma, an yi ruwa biyu, dattijon ya aika a kira ni. Da na je, ya kama hannuna muka gangara. Gona fes, sai layi ɗaya kore shar tun daga gangaren har iyaka, ciyawar kiri-kiri ta miƙe ta shaƙe masarar. A gayya ba a rubuta suna, amma kowa ya san wa ya tsaya kusa da wa. Ya ce, "Ɗan nan, ƙirga daga itacen can." Na ƙirga. Ta bakwai, tawa. Ya miƙo mini fartanya ya koma inuwa, na nome ta ni kaɗai, ba kiɗa ba kunu.

Aikinku na waya gaba ɗayansa ƙuryar gona ne. Ba mai ganin hannun wani, kowa yana garinsu. Saboda haka ku raba aiki da suna, kowa ya san nasa da ranar da zai kawo, kuma kowa ya riƙa nuna abin da ya yi tun yana ɗanye, kar a jira sai an gama. Hoton fom uku yau ya fi "na kusa gamawa" na mako guda. Wanda ya ce ki nuna masa naki bai raina ki ba, ke ma ki nemi ganin nasa ba tare da kin ji nauyi ba. Da kun yi haka tun farkon hutu, da tun mako na biyu sun san kin maƙale a shida, da an nemi mafita tare.

Da na ɗauki darasin dattijon nan, da wasiƙar ta ƙare a nan. Ban ɗauka ba.

Kina makarantar kwana lokacin da daji ya rikice sosai, don haka ba ki san yadda muka yi noma a shekarun nan ba. Wasu sun gudu cikin gari, wasu sun tafi ba su sake waiwayowa ba. Mu da muka ce ba inda za mu, muka rasa gayya, domin tara mutum talatin a fili gayyatar mutanen daji ne. Sai muka ƙirƙiro wata muka sa mata suna gayyar ido. Mu bakwai ne, a ƙauyuka bakwai da ke bin rafi, Musulmi da Kirista. Kowa da wurin da zai duba da zarar gari ya yi haske. Wani hanya, wani bakin daji, ni kuma dutsen bayan gidanmu na ƙauye, wanda in ka hau kana hangen mashigin rafi. A duba sawun babura, a duba hayaƙi, a duba tashin tsuntsaye. In ka duba sai ka kira na gaba da kai ka faɗa masa da bakinka, ba a yarda da filashin ba. Haka maganar za ta zaga har ta komo wurin wanda ya fara, sannan a fita da shanu. Ko bindiga ɗaya ba mu da ita. Da 'yan wayoyinmu masu tocila da maganar juna muka yi damina biyu cur, muka shiga ta uku. Muka girbe masararmu, waɗanda suka ce an gama da mu suka zo da motoci suna saye. Har gobe in na tuna sai in ji ƙirjina ya buɗe.

Ni aka ba shugabanci, wai ni ne malami. Wata safiya Garba, wanda ke duba hanya, ya kira ni ya ce, "Malam, gaskiya yau ban duba ba. Zazzaɓi ne ya kayar da ni, yanzu na farka." Abin da ya kamata in ce shi ne, Allah ya sawwaƙe, wa ke kusa da zai duba maka? Maimakon haka na wanke shi tas. Na ce ya mai da rayukan mutane abin wasa. Ban tsaya nan ba, ran Juma'a a ƙofar masallaci na maimaita a gaban jama'a, na ce wanda ya san barci ya fi masa, ya faɗa tun wuri a nemi mai jini a jika. Garba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a hannu. Na koma gida ina jin na gyara aiki.

Daga ranar ba wanda ya sake cewa "ban duba ba". Kullum lafiya lau, lafiya lau, har ina yaba wa kaina iya shugabanci. Ashe na rufe ƙofar da gaskiya ke shigowa ne, na zauna ina murna ba iska.

Wata rana ke za a ba ragamar irin wannan aiki, don na san ki da son gaba. Idan wani ya kira ya ce bai yi nasa ba, ki fara da gode masa da ya faɗa. Sannan ki tambaya me ya hana, me ya rage, wa zai kama masa. In akwai faɗa, a yi shi ku biyu, ba a cikin gurup inda kowa ke karantawa ba. Ban ce a bar mai sakaci ya sha iska ba. Wanda ya maimaita sau biyu sau uku, a gaya masa a fili ba zagi, a rage masa kaya, in ya ƙi a sanar da malami. Amma kar ki taɓa sa faɗin gaskiya ya fi yin ƙarya tsada a wurin mutanenki. Ki kuma gaya wa abokanki tsokanar nan ta 'yar daji ta ishe ki haka. Da wasa suke yi, na sani, amma tana cikin abin da ya sa bakinki ya yi nauyi.

Yanzu ga wadda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko innarki sai jiya ta ji.

Damina ta uku ce, lokacin huɗa. An kwana ana ruwa, dutse ya yi santsi, gwiwata ta dama tana ciwo. Na fi kwana arba'in ina hawa a jere ban ga ko kare ba. Na fito da wayata na tsaya gindin mangwaron tsakar gida, inda sabis ke kamawa, na ɗaga kai na dubi dutsen. Innarki tana bayana tana dakan geron kunu. Na ce a raina, yau ɗaya dai. Na san zan iya kiran wani in ce ya hau mini, ko in ce kowa ya dakata har rana ta busar da dutsen. Sai na tuna ƙofar masallaci da hular Garba. Ni da na faɗi waccan magana, da wane baki zan ce ban duba ba?

Wanda ke bi na a layi Baba Istifanus ne. Kin san shi, mutumin kudancin Kaduna da ya zauna cikinmu tun kafin a haife ki, mai kawo miki gwaiba in kin dawo hutu. Gonarsa tana hayin rafi, dole sai ya bi ta mashigin. Na kira shi.

Ya ce, "Malam, an tashi lafiya? Yaya mashigi?"

Na ce, "Lafiya lau. Ba komai."

Ya ɗan yi shiru. Sannan ya ce, "To, mun gode Allah." Ya kashe.

Suna mashigin. Tun asuba suke can da baburansu a gindin itatuwa, wanda ya hau dutsen ko mai ido ɗaya ne da ya gan su. Suka tafi da shi da bijimansa biyu na huɗa. Bijiman ba su dawo ba. Shi ya dawo bayan mako bakwai da ƙafar nan da kike gani yana ja, kuma tun daga ranar bai sake riƙe garma ba.

Ban yi nufin cutar da kowa ba, Uwata. A ranar ma na gaskata abin da na faɗa, tunda jiya lafiya, shekaranjiya lafiya. Haka ke ma, na san kin ce a ranki amsoshin da kika rubuta ba su yi nisa da gaskiya ba, ai 'yar manomi ce ke, kin san masara kin san ƙwarinta. Amma abin da mutum yake tsammani daban, abin da ya gani daban. Wanda ke nesa da ke ba shi da wani ido a wurinki sai bakinki. In kin gani, ki ce na gani. In zato ne, ki ce ina zato. In ba ki duba ba, ki ce ban duba ba, ko da za a yi miki dariya har a faɗi ƙasa. Za ki ce naki ai takarda ce, ba mai rasa ƙafa. Yau takarda ce. Aikin gona kike karantawa, gobe ke za a tura ki duba gonakin mutane ki aika rahoto ofishin da ba su taɓa taka garin ba, da shi kuma za a yanke wa za a kai wa iri, wa za a manta da shi. Ko a yau ɗin ma, mutum huɗu sun ɗora shekarun karatunsu a kan "ashirin cif" ɗinki ba su sani ba.

Da aka tambaye ni a lokacin, na ce na hau ban ga komai ba, ƙila bayan na sauko suka iso. Aka yarda. Har haƙuri aka riƙa ba ni. Gayyar ido kuwa a makon ta mutu, domin kowa ya ce in dai Malam ya duba aka yi haka, to dubawar ba ta da amfani. Kin ji ɓarnar. Abin da bindiga ta kasa rusawa a damina biyu da rabi, ƙaryata ta biyu ta rusa shi a kwana bakwai. Bayan haka ne muka kwashe kayanmu muka dawo cikin gari, kowa yana cewa 'yan bindiga ne suka kore mu, ni ma ina taya su faɗa.

Istifanus ma ya dawo gari, ya sami ɗan fili a bayan unguwarsu. Shekara huɗu ke nan ni nake nome masa shi kafin in taɓa nawa. An ce har a cocinsu an ambace ni, wai ga maƙwabcin kirki. Matarsa in ta gan ni sai ta durƙusa har ƙasa. Kowace godiya ji nake kamar an watsa mini barkono a ido, amma na karɓa na yi shiru. Na ɗauka gumi zai wanke abin da baki ya ƙi faɗa.

Na ga kin fara irin nawa. Na ji kina ce wa Rahila ke za ki buga rahoton duka, ke za ki gyara, ke za ki kai. Kar ki ruɗi kanki cewa kirki ne, toshiyar baki ce kike ba zuciyarki. Aikin taro ba ya bukatar gwarzon da zai kwashe kayan kowa ya ɗora a kansa. Bar wa kowa nasa, ke ki tsaya kan naki ki faɗi inda ya tsaya.

Shekaranjiya bayan na ga sunan Ɗanladi, na ɗauki biro in rubuta miki wannan, hannuna ya ƙi. Da wace fuska zan ce ki kira mutum huɗu, ni na kasa taka ƙafa zuwa gidan mutum ɗaya? Jiya da hantsi na tafi. Na same shi a ƙofar gida yana ɓare masara cikin faifai, ƙafar a miƙe kan 'yar kujera. Muka gaisa. Na zauna a ƙasa, ya ce haba Malam, ga benci. Na ce a bar ni nan.

Na ce, "Istifanus, ranar nan ban hau dutse ba. Daga tsakar gida na kira ka."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza masarar da ke hannunsa har ya gama, ya jefar da totuwar gefe.

Ya ce, "Na sani, Malam."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba kowa. Kullum in ka kira ni daga kan dutse, iska nake ji, fuu, har ba na jin ka sosai. Ran nan kuwa daka na ji a bayanka. Turmi."

Na ce, "To me ya sa ka fita?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Na tsaya da igiyar shanu a hannuna, na yi tunani fa. Sai na ce kunnena zai iya yi mini ƙarya, amma Malam ba zai yi mini ba."

Uwata, na yi kuka a ƙofar gidan mutane, rana a kai, da furfurata da komai. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce, "Noman da kake yi mini na gode, amma ba shi nake jira ba. Ni na yafe tun ina cikin daji. Shekara huɗu ina riƙe da shi, ba ka zo ka karɓa ba, har hannuna ya gaji."

Su ma abokan aikinki huɗun nan ba wawaye ba ne. Suna jin labarin hanyarmu, sun san yadda ƙauyukanmu suke. Ƙila da Rahila ta ji "ashirin cif" ta ɗan yi shiru. Ƙila ta ji dakan a bayan muryarki, sannan ta ce a ranta, ƙawata ba za ta yi mana ba.

Daga gidan Istifanus na wuce wurin Garba na ba shi haƙurin ƙofar masallaci. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, yau dai ka duba." Ya yi dariya har da tari. Na gaya musu halin da kike ciki, ban ɓoye ba, ki yafe mini wannan. Kafin la'asar su biyun sun haɗa manoma goma sha huɗu masu waya, na Gayam da na bakin rafi da waɗanda suka dawo gari, kowa ya yarda a kira shi a tambaye shi. Sunayensu da lambobinsu suna bayan wannan takarda. Istifanus ya ce da shi za a fara, wai ya daɗe ba a tambaye shi komai a kan noma ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ciro fom goma sha huɗun nan na ƙarya daga jakarki ki yage su nan tasha. Ki fara da na Ɗanladi, ki yi masa addu'a, ya isa a bar shi ya huta. Sannan ki kira Rahila tun kina cikin gari, kin san da an fita sabis sai wanda Allah ya ba. Ki ce mata shida gare ki, kuma kin yi musu ƙarya. Kar ki ce sabis ne, kar ki ce kuskuren ƙirga ne. Za su ji haushi, kuma suna da gaskiya, ki yi shiru ki shanye. In sun huce ki ce kina neman gayya. Ku biyar, manoma goma sha huɗu, kowa ya ɗauki biyu ko uku, kafin Lahadi kun gama. Amma Rahila ta fara tambayar malaminku ko ya yarda a yi ta waya. In ya ƙi, ku miƙa shidan, ki rubuta ɓaro-ɓaro abin da ya hana sauran, da sunanki a ƙasa. In maki zai ragu ya ragu, an san dai na waye da dalilinsa.

Kuma in kun kira su za ki ji abin da ba za ki taɓa ƙirƙirowa a kan tabarma ba. Mutanen nan sun daina zuba masara a rumbu, domin rumbu ana hango shi daga nesa, ana kuma cinna masa wuta. A ɗakin kwana suke jibge ta cikin buhuna, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a gidajen 'yan'uwa cikin gari, can ƙwari ke samun ta. Wannan shi ne labarinmu na gaskiya. Ki kai shi Zariya da kanki a ɗage, su san ba mu daina noma ba, dabara muka sake.

Garba ya ce bana a tayar da gayyar ido. Na ce ina ciki, amma ba ni ne shugaba ba, kuma doka ta farko ita ce duk wanda ya ce "ban duba ba" a ce masa madalla. Dutsen yana nan, gwiwar ma tana nan da ciwonta, zan hau ko da rarrafe. Mutanen daji sun karɓe mana shanu, sun karɓe gidaje, sun karɓe hanya. Akwai abin da ba su iya karɓa sai mun miƙa musu da hannunmu, shi ne in mutumin Birnin Gwari ya ce lafiya, a ɗauki garma a fita ba waiwaye. Ni na miƙa sau ɗaya. Ba zan zauna ina gani a sake fitar da shi daga gidana ba.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ƙullin yajin yana cikin aljihun jaka na gefe. Baba Istifanus da matarsa suna gaishe ki, Garba ma haka. Ki gai da Rahila da sauran, ki ce wani tsoho a Birnin Gwari yana ba su haƙuri tun kafin su ji dalili. Allah ya kai ki lafiya, ya sa ku wuce dajin nan kamar ba ku wuce ba. Ya tsare gabanki da bayanki, ya ba ki abokan aiki na gari, ya sa ke ma ki zame musu ta gari. Ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Wayata tana aljihuna, na cika ta da caji. Ba zan kira ki ba. In kin gama da su, ke ki kira ni, kuma kar ki yi mini filashin. So nake in ji muryarki, in ji abin da ke bayanta.

Wassalam.

Mahaifinki.